Kyamarar da ke shiga cikin bututu: Abin da Urafane, Tasawa da Maraɗi ba sa gani a ƙarƙashin ƙasa

A ƙauyukan Urafane, ƙaramar hukumar karkara da ke arewacin Tasawa a jihar Maraɗi, idan famfo ya fara kawo ruwa da yashi ko ya ɗauke gaba ɗaya, abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne a ko'ina. A kira mai gyara, ya zaro ƙarafa, ya canza roba, ya mayar. Bayan mako biyu ruwa ya sake ɗaukewa. Daga nan sai zargi: wasu su ce mai gyara ne ya ci kuɗi, wasu su ce ƴan kwamitin ruwa ne, wasu kuma su ce rijiyar ce ta ƙafe, a haƙa wata. Babu wanda ya ga abin da ke faruwa a ƙasa, domin bututun da ruwan ke bi faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, zurfinsa kuwa mita gommai ne.

Amma akwai na'urar da ke iya gani. Kyamara ce ƙarama mai fitilu a baki, wadda ruwa ba ya shigarta. Ana ɗaura ta a doguwar waya, a tura ta cikin bututu, mai aiki yana zaune a waje yana kallon komai a allo. A manyan biranen duniya da ita ake duba bututan da ke kwashe ruwan datti a ƙarƙashin tituna. A wannan yanki namu, inda babu irin waɗannan bututan, aikin da ke jiran ta ya bambanta, kuma mai yiwuwa ya fi na can gaggawa.

Daga Jamus aka faro

Wani kamfanin Jamus mai suna IBAK, da ke birnin Kiel, shi ne ya fito da na'urar talabijin ta farko ta duba bututan ruwan datti a 1957. Kafin lokacin, hanya biyu aka fi bi: ko a tura mutum idan bututun na da girma, ko a fasa titi a tona har a kai wurin da ake zato.

Yau na'urorin sun kasu. Akwai wadda ake turawa da hannu, waya mai ƙarfi kamar sanda mai lanƙwasa, ta dace da ƙananan bututan gida. Akwai wadda aka ɗora a kan ƴar ƙaramar mota mai tayoyi, ana tuƙa ta daga nesa, kanta na juyawa dama da hagu, sama da ƙasa, tana leƙa kowace mahaɗa. Akwai kuma ta kan sanda, wadda ake zurawa ta bakin rami a hango nesa ba tare da an shiga ba. Dukkansu suna da abu guda da ya fi hoton kansa muhimmanci: ma'aunin da ke rubuta nisan da kyamarar ta yi a kan allo. Ganin tsaga a jikin bututu ba shi da wani amfani idan ba a san ko a mita 12 take ko a mita 40 ba. Wasu kuma suna ɗauke da wata ƴar na'ura mai aika sigina, ta yadda wani zai bi ta saman titi da abin saurare ya sa alama daidai inda za a tona.

A Turai akwai ƙa'ida guda, EN 13508-2, da ta tsara yadda za a rubuta kowane irin lahani, tsaga ce, ko saiwar itace, ko mahaɗar da ta goce, domin injiniya a wani gari ya karanta rahoton ya gane. A Amurka da Ingila ana ba lahanin maki daga 1 zuwa 5, kuma 5 na nufin bututun ya rushe ko yana gab da rushewa. Da waɗannan makin hukuma ke yanke shawarar inda za ta fara kashe kuɗi.

Labarin da ya fi yawo a duniya game da wannan aiki shi ne na unguwar Whitechapel a birnin Landan. A watan Satumban 2017 ma'aikatan kamfanin Thames Water suka gano wani dunƙulen daskararren man girki da tsummokaran goge jiki ya toshe wata tsohuwar magudana. Tsawonsa mita 250, nauyinsa kimanin tan 130. An shafe makonni tara ana farfasa shi. Abin lura a nan shi ne an gano shi ne a lokacin duba na yau da kullum, kafin ƙazanta ta fara bulbulowa cikin gidajen mutane.

A nan ina bututun yake?

Sai dai a faɗi gaskiya: a Urafane babu bututun ruwan datti. A Tasawa babu, a Mayahi babu. Ko a Maraɗi da Yamai, mafi yawan gidaje da masai da rami suke dogara, idan ya cika a kira mota ko masu kwasa da hannu. A faɗin Nijar kuwa, alƙaluman hukumomin WHO da UNICEF sun nuna kusan kashi biyu cikin uku na jama'a har yanzu a fili suke bahaya, kuma a karkara abin ya fi haka.

Ko a maƙwabta abin bai yi nisa ba. Abuja na da babban tsarin bututai da ke kai ruwan datti matatar Wupa, wadda ta fara aiki a 2007, amma Kano da girmanta ba ta da irinsa. Wagadugu ta shimfiɗa nata a tsakiyar gari da unguwar masana'antu, ana kai ruwan Kossodo tun 2004. Dakar na da tsohon tsari tun zamanin Turawa, kuma babban bututunta na Hann-Fann ya daɗe yana ba hukuma ciwon kai saboda tsufa da zaftarewa a ƙarƙashin gidaje.

Akwai wani abu da ya faru a Tasawa da ke nuna yadda lamarin yake. A ƙarƙashin ƙawancen garin da garin Conflans-Sainte-Honorine na Faransa, hukumar SIAAP, wadda ita ce ke kula da ruwan dattin yankin birnin Paris, ta shiga aikin tsafta a Tasawa tare da ƙungiyar RAIL-Niger. Hukumar da ta ƙware a manyan bututai, da ta zo Tasawa masai aka gina a gidaje da makarantu, da ramukan shanye ruwan wanka. Abin da garin ke buƙata ke nan, kuma abin da zai iya kula da shi ke nan.

To idan haka ne, me kyamara za ta duba? Abubuwa biyu ne, kuma duka a binne suke: magudanan ruwan sama da aka rufe, da rijiyoyin burtsatse.

Ranar da milimita 150 ya sauka a Maraɗi

Ranar Juma'a 30 ga Agustan 2024, ruwan sama kimanin milimita 150 ya sauka a birnin Maraɗi cikin awa ɗaya da rabi. Garin da a shekara guda yake samun wajen milimita 500. Gwamnan jihar, Issoufou Mamane, ya sanar da mutuwar mutum 15 a karon farko. Gidaje sun rushe, ruwa ya tafi da motoci da babura, bututan ruwan sha da layukan lantarki sun lalace. A daminar wannan shekarar ambaliya ta kashe kusan mutum 400 a faɗin ƙasar, ta shafi sama da miliyan ɗaya da rabi, ta rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram, ta yanke hanyar ƙasa ta 1 a Sorey kusa da Yamai, har sai da gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba.

Maraɗawa sun san ruwa tun ba yau ba. Ambaliyar 1945 ce ta cinye tsohon garin da ke cikin kwarin Gulbin Maraɗi, aka tayar da shi zuwa kan tudu. Amma hawa tudu bai raba garin da ruwa ba. Duk abin da ya sauka a sababbin unguwanni sai ya gangara gulbi, yana tona kwazazzabai a hanya. Shi ya sa kowane babban aiki a garin, har da na bikin Maraɗi Kwalliya a 2015, ke zuwa da tituna da magudanai. A 2022 ma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 250 domin shirin PIDUREM na kare garuruwa daga ambaliya, kuma Maraɗi da Tasawa na cikin garuruwan da shirin ya shafa.

Babu magudanar da za ta shanye milimita 150 cikin minti 90, wannan kowa ya sani. Tambayar ita ce nawa ne daga cikin magudanan da ake da su ke aiki da cikakken faɗinsu a ranar da aka fi buƙatarsu. Lambatu buɗaɗɗe ana ganin cikinsa, idan ya cika da yashi da leda matasan unguwa kan fito aikin gayya su yashe. Wanda aka rufe da siminti kuwa, ko kwalbatin da ya ratsa ƙarƙashin kwalta, ba a sanin halin da yake ciki. Daga bakinsa za ka ga kamar lafiya lau, alhali a tsakiya yashi ya cinye rabinsa. A ƙasa mai rairayi irin tamu akwai kuma haɗari na biyu: idan mahaɗa ta buɗe, ruwa kan riƙa jan yashin da ke kewaye zuwa cikin magudanar kaɗan-kaɗan, har rami ya samu a ƙarƙashin titi. Kwalta na nan a sama sumul, sai ranar da babbar mota ta taka.

Kanawa ma na da irin wannan a gabansu. Tun da aka rufe wani sashe na kogin Jakara aka shimfiɗa titi a kansa, wari da ƙazanta sun ɓoye daga ido, amma shara da yashi ba su daina shiga ba.

Irin waɗannan wurare, a yau idan har za a duba su, mutum ake turawa da tocila. Wannan ganganci ne. Inda ruwan datti ya kwanta yana ruɓewa, akan samu wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, haidirojin salfaid. Muguntarta ita ce idan ta yi yawa takan kashe jin warin, mutum ya ɗauka ta wuce, sai kawai ya faɗi. Na biyu ya shiga ceto shi ma ya faɗi. Indiya ta sha wannan baƙin ciki har ta kafa dokar hana tura mutane kwasar ƙazanta da hannu a 2013, kuma a 2018 jihar Kerala ta fara amfani da wani mutum-mutumi mai kyamara, Bandicoot, da wasu matasan injiniyoyi suka ƙera. Masu yasar rijiya da masu kwasar masai a ƙasar Hausa suna fuskantar haɗari iri ɗaya, ba tare da ko igiyar kirki ba.

Rijiyar da ba a iya leƙawa

A Urafane da ƙauyukan Mayahi da ke maƙwabtaka da ita, batun ya fi karkata ga ruwan sha. Idan ka bar kwarin Gulbin Kaba ka hau tudu, ruwa na da nisa. Rijiyoyin siminti da tsohuwar hukumar OFEDES ta gina tun daga shekarun 1960 suna nan, wasu zurfinsu ya haura mita 50, da shanu ko raƙuma ake jan guga. Irin wannan rijiya, duk zurfinta, mutum na iya sauka ya gani da idonsa. Rijiyar burtsatse, wadda a nan aka fi sani da foraj, ba ta ba da wannan dama. Da zarar injin haƙa ya tashi, an zura bututu an rufe, shi ke nan. Sauran sai abin da ɗan kwangila ya rubuta a takarda.

Yana da kyau a san yadda cikinta yake. Bayan an huda ƙasa, ana zura bututan roba masu faɗin inci huɗu zuwa biyar, ana ɗaura ɗaya a kan ɗaya. Yawancinsu rufaffu ne. Amma daidai inda aka tarar da ruwa ana sa masu ƙananan tsagogi kamar rariya, domin ruwa ya shiga yashi ya tsaya a waje. A bayan rariyar ana zuba tsakuwa mai tacewa, a can sama kuma a toshe da siminti domin kada ruwan datti na saman ƙasa ya gangara ta gefen bututu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai kuɗi ne, kuma kowanne ana iya rage shi ba tare da mai rijiya ya sani ba.

Kyamarar rijiya ƴar'uwar ta magudana ce, sai dai ita a tsaye take sauka, kuma an gina ta ta jure nauyin ruwa. Masu kyau suna da ido biyu, ɗaya na kallon ƙasa, ɗaya na kallon gefe yana zagayawa. Ana fara ciro famfo, a bar ruwa ya kwanta ya washe, sannan a sauke ta a hankali. Abin da take nunawa ba ya buƙatar digiri kafin a gane shi. Za a ga mitar da ruwa ya fara. Za a ga inda rariya ta fara da inda ta ƙare, da ko tsagoginta a buɗe suke ko tsatsa da laka sun toshe su. Za a ga bututun da ya fashe wajen zurawa, da mahaɗar da ta ɓalle yashi na kwarara ta ciki. Za a ga ƙarfen famfo ko dutsen da ya faɗa. A ƙarshe kuma za a ga gindin rijiyar, da lambar da ke kan allo. Idan takarda ta ce mita 90 kyamara ta tsaya a 64, to ko yashi ya cike mita 26, ko kuma ba a taɓa haƙa su ba. Kowanne daga ciki akwai wanda ya kamata ya yi bayani.

Wannan ba zato ba ne. Tsakanin 2015 da 2020, wani bincike da Hukumar Nazarin Ƙasa ta Birtaniya ta jagoranta ya duba rijiyoyin famfon hannu 600 a Habasha da Malawi da Uganda, sannan aka kwance wasu daga ciki aka zura musu kyamara. A Uganda, ɗan abin da ya haura rabi ne ke ba da ruwa a ranar da aka je, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne ke ba da isasshen ruwa ba tare da yawan lalacewa ba. Cikin abubuwan da aka tarar akwai ƙarafan famfo da tsatsa ta cinye da kuma rijiyoyin da tun asali ba a gina su daidai ba. Matsalar tsatsar ma tsohuwa ce: binciken da aka yi wa Bankin Duniya a Afirka ta Yamma tun shekarun 1980 ya nuna cewa inda ruwan ƙasa ke da ɗan tsami, bututun ƙarfe mai rufin tutiya ba ya daɗewa. Duk da haka har gobe ana sa shi, saboda ya fi araha.

Ma'anar wannan ga ƙauye ita ce, sau da yawa mutanen da ake zargi da rashin kula da famfo ba su da laifi. Kuɗin da mata ke biya a kan kowane jarka, ana tarawa ana sayen kayan gyara, alhali ciwon na can mita 60 a ƙasa. Akasin haka ma na faruwa. A yi watsi da rijiya a ce ta mutu, a nemi miliyoyin sefa na haƙa sabuwa, bayan abin da take buƙata kawai a hura mata iska da kwamfaresa a wanke rariyar, ko a ƙugiyo ƙarfen da ya faɗa.

Ga masu turo kuɗi daga waje

Wannan ɓangaren ya shafi da yawa daga cikin masu karanta mu. Ƴan ci-rani a Libiya da Aljeriya, ƴan kasuwa a Legas da Abijan da Akara, ma'aikata a Saudiyya da Turai, babu sadakar da ta fi shiga ransu kamar rijiya. Ana haɗa kuɗi a zauren WhatsApp, a tura wa wani ɗan'uwa, bayan wata biyu a turo bidiyo: ga tanki a sama, ga faifan sola, ga yara na tafi ruwa na zuba, ga allo da sunan mamacin da aka yi wa sadakar. Duk abin da ke cikin bidiyon a saman ƙasa yake. Ɓangaren da ya fi cin kuɗi, wanda kuma shi ne zai sa rijiyar ta yi shekara ashirin ko ta mutu a ta biyu, ba ya ciki.

A ganina, duk wanda zai biya kuɗin rijiya daga nesa ya kamata ya sa sharaɗin bidiyon ciki tun a yarjejeniyar farko, kuma ya riƙe kason ƙarshe na kuɗin har sai ya gani. Bidiyon ya fara daga waje, a ga wurin da mutanen da ke tsaye, sannan kyamara ta shiga ba tare da an yanke ba har gindi, lambar zurfi na gudana a allo. Idan ba haka ba, babu abin da zai hana a turo maka cikin wata rijiyar daban. Kuma wanda zai ɗauka kada ya zama yaron wanda ya haƙa. Ɗan kwangilar kirki ba zai ƙi wannan ba, domin shi ma kariya ce gare shi ranar da famfo ya lalace aka fara nuna shi da yatsa.

Za a ce ai wannan rashin yarda ne, kuma a al'adarmu da nauyi ka ce wa ɗan'uwa ko surukinka sai ka ga shaida. Gaskiya ne da nauyi. Amma zumuncin da rijiyar da ta mutu ke ɓatawa ya fi wanda neman bidiyo zai ɓata.

Abin da kyamara ba ta gani

Kada kuma a ɗauke ta maganin komai. Kyamara cikin bututu kawai take gani. Ba ta ganin ko an zuba tsakuwa a bayansa, ko an toshe sama da siminti, sai dai a yi hasashe daga alamu, kamar ruwa mai laka da ke tsiyayowa ta wata mahaɗa kusa da sama. Ba ta faɗin yawan ruwan da rijiya za ta iya bayarwa. Wannan sai an yi gwajin jan ruwa na sa'o'i ana aunawa. Idan ruwan ya gurɓace da laka, allon fari fat zai nuna.

Mafi muhimmanci, ba ta ganin abin da ya narke a cikin ruwa. Mutanen Tibiri, kusa da Maraɗi, sun fi kowa sanin haka. Rijiyar burtsatsen da aka fara shayar da garin da ita a tsakiyar shekarun 1980 ruwanta garau yake, amma sinadarin fuloraid da ke ciki ya ninka iyakar da WHO ta gindaya, wato miligiram 1.5 a lita, sau uku ko fiye. Sai da aka shafe shekaru ana sha, dubban yara suka samu lahani a haƙora da ƙashi, ɗaruruwa ƙafafunsu suka lanƙwashe. Da an zura kyamara dubu a wannan rijiya, da babu abin da za ta nuna. Gwajin ɗakin bincike ne kawai zai iya.

Haka ma ƙwayar kwalara. Annobar da ta ɓarke a Madarunfa a watan Yulin 2018 ta kama sama da mutum 3,000, kuma a 2021 ta dawo da ƙarfi, jihar Maraɗi na cikin inda ta fi tsanani. Abin da kyamara za ta iya a nan shi ne nuna ƙofar da ƙazanta ke bi, kamar fashewar bututu a mitocin farko na rijiyar da aka haƙa kusa da masai. Ƙa'idar da masu aikin agaji ke bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya. A sababbin unguwannin Maraɗi da Kano, inda kowane gida ke huda nasa burtsatse a fili ɗan ƙarami, mai karatu ya auna da kansa.

A magudana kuwa, kyamara ba ta wucewa ta cikin yashi. Sai an fara yashewa ko an wanke da ruwa mai ƙarfi. Wato ba ta rage wa hukuma aikin shebur. Tana dai nuna inda za a kai shebur ɗin, sannan ta tabbatar ko wanda aka biya ya yashe har tsakiya ko bakin kawai ya share.

Wa zai riƙe na'urar, wa zai ajiye bidiyon?

A biranen Nijar, kamfanin SPEN ne ke da rijiyoyi da bututan ruwan sha, kamfanin NDE kuma ke gudanar da su tun watan Janairun 2024, bayan ya karɓa daga SEEN. A karkara irin Urafane, ƙananan hukumomi ne ke da alhakin ruwan sha, suna ba ƴan kasuwa kwangilar tafiyar da ƙananan tashoshin ruwa, ofisoshin ma'aikatar ruwa na jiha da na gunduma suna sa ido. Tun watan Afrilun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, kantomomi ne ke riƙe da su.

Ba kowace ƙaramar hukuma ce ke buƙatar tata kyamarar ba. Guda ɗaya mai kyau a Tasawa, da mutum biyu da suka iya aiki da ita, za ta iya zagaya gundumar har ta leƙa Mayahi. Kuma a nan ne matasan da suka karanta aikin ruwa ko lantarki suke zaune babu aiki za su iya samun abin yi. Sai dai a yi hattara da ƙananan kyamarorin da ake haɗawa da wayar hannu, waɗanda suka cika kasuwannin intanet. Suna da amfani wajen leƙa bututun banɗaki ko bakin kwalbati, amma wayarsu gajera ce, kuma ba za su jure nauyin ruwa a zurfin mita 70 ba. Wanda ya zura irinta a rijiya ta tsinke, ya ƙara wa rijiyar wani abin da za a ƙugiyo.

Abin da ya fi na'urar wuya shi ne ajiya. Amfanin bidiyo na farko yana bayyana ne ranar da aka ɗauki na biyu, bayan shekara uku ko biyar, aka jera su aka ga abin da ya canza. Idan bidiyon ya tsaya a wayar wani ma'aikaci, aka yi masa canjin wurin aiki ko wayar ta faɗa ruwa, an koma gidan jiya. Kowace rijiya na buƙatar lamba da fayil: takardar haƙa, sakamakon gwajin ruwa, da bidiyo, kwafi ɗaya a ofishin ƙaramar hukuma, ɗaya a hannun kwamitin ruwa na ƙauyen. Magudanan birni kuma suna buƙatar taswira, domin ba a duba abin da ba a san inda ya bi ba.

Lokacin aikin ma a ƙayyade yake. Magudanai ana duba su ne da rani, daga Maris zuwa Mayu, sa'ilin da suka bushe kuma akwai sauran makonnin gyara kafin ruwan farko ya sauka a watan Yuni. Rijiyoyi ma a waɗannan watannin ruwansu ke yin ƙasa sosai, sai dai a lokacin ne ƙauye ya fi buƙatarsu, ga mutane ga dabbobi, don haka ciro famfo na yini guda sai an sanar da mai gari tun da wuri kowane gida ya cika randunansa.